Taku Bakwai Daga Gindin Tsamiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifinki Garba, wanda mutanen Ƙaraye ke kira Garba Kafiya, zuwa ga Uwata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Kano lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa kun shiga sabon wuri da ƙafar dama, ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin baki, da sharrin abin da ido bai gani ba. Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yaran.

Kin san ban san baƙi ba sai ɗan abin da zan yi salla. Abokina Malam Habu mai ɗinki ne ya ture kekensa gefe ya riƙe biro, ni kuma ina faɗa. Da farko cewa ya yi, "Garba, ka kira ta a waya mana, ka hutar da ni." Na ce masa maganar waya iska ce, wannan kuwa magana ce da nake so ta kwana, ta tashi, ko da ni ban tashi ba. Ya ce, "Yau kai ne ke yabon takarda? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Na ce ya rubuta har wannan ɗin.

Uwata, sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa tun kina zanin goyo ban taɓa iya kama sunanki ba, kuma shi ya sa na kasa kallon idonki ranar da za ki tafi. Kin zauna kusa da ni a kan tabarma, kin ce sana'ar da za ki kama a Kano ita ce sayen gidajen da banki ya karɓe daga waɗanda suka yi jingina suka kasa fansa. Kin ce ana gwanjonsu, mai rabo ya ɗauka, ya gyara, ya sa haya ko ya sayar. Sannan kika ciro waya kika nuna min gidan da za ki fara tayawa ran Talata mai zuwa, a Rogo Sabon Gari. Kika ga na tashi na shiga ɗaki. Na san kin ɗauka fushi na yi. Wallahi ba fushi ba ne.

Ni dai ban taɓa ganin abin al'ajabi irin wannan ba. Gida ga shi a tafin hannunki, daga sama, kamar yadda shirwa ke ganinsa. Kika ja da yatsa ya matso, kika sake ja ya yi nisa, har na ga titin da ya bi ta gabansa da inuwar katanga. Mu da muka taso sai ka sha tafiyar yini a kan keke kafin ka ga ƙofar gidan da ake maka talla. Yanzu a ce mace tana zaune a Ƙaraye tana leƙa tsakar gidan mutane a Rogo, za a kuma sayar da shi a wani ɗaki a Kano, mai sayarwa bai taɓa shan ruwan randar gidan ba, mai saye ma haka. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wannan. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. To wayarki ta fi rimi tsawo, na sallama. Sai dai daga sama take kallo. Ni abin da na sani yana ƙasa.

Na san gidan nan. An rushe ginin ƙasa an yi na bulo, an ɗora kwano inda azara take, an yi ƙofar ƙarfe. Amma tsamiyar da ke kusurwar baya, mai reshe ɗaya da ya karkata kamar hannun mai roƙo, ko a mafarki na gan ta zan gane ta. Na taɓa mallakar gidan nan kafin a haife ki. Ban taɓa faɗa miki ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi, daga farko, kada Habu ya rage ko kalma.

Shekarar da ciwo ya kama gyaɗa ta ƙi 'ya'ya, wani dillalin gyaɗa a Rogo mai suna Ɗanjuma ya karye. Ya karɓi kuɗin mutane a kan gyaɗar da ba ta zo ba, magana ta kai gaban alƙali, aka ce a yi gwanjon gidansa. Lokacin ina saurayin magidanci, na sayar da dawa na sami ɗan abin hannu, kaina yana hayaƙi. Na hau keke na tafi kallo kawai. Kallo fa, Uwata. Ban je da niyyar saye ba.

A ƙofar gidan aka taru. Akwai wani mai suna Tanko, ɗan kasuwar hatsi, mun saba gwabzawa a kan buhu. Da ya hango ni sai ya ce da ƙarfi, don jama'a su ji, "A'a, Garba, ka yi ɓatan hanya ne? Kasuwar awaki tana can gaba." Mutane suka fashe da dariya. Shi ke nan. Ya taya, na ɗora. Ya ƙara, na ƙara. Tun ina lissafi har na daina. Wani dattijo ya ja min riga ya ce, "Yaro, ka wuce kuɗin gidan tun ɗazu." Na fizge rigata. Da aka ce an sallama min, Tanko ya zo ya ba ni hannu yana murmushi, ya ce, "Allah ya sanya albarka, Sarkin Kafiya." Daga ranar sunan ya bi ni. Sai da na haɗa da shanun nomana biyu kafin na cika.

Don haka ran Talata, kafin ki shiga ɗakin nan, ki yanke wa kanki iyaka, ki faɗa wa maigidanki, ki ce in ya ga kin haura ya taka miki ƙafa. A wurin gwanjo ba gida ake sayar wa mutum ba, zuciyarsa ake sayar masa. Za ki haɗu da masu manyan riguna da za su dube ki su ce, "Hajiya, ba nan ake sayar da atamfa ba." Ki yi murmushi ki bar su. Jinina ne a jikinki, na san yadda yake tafasa. Kuma ki tambayi malamai a kan wannan ciniki da bakinki, ki ji inda halal ta tsaya. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke miki ba.

Kwana uku da saye na koma da gatari da mutum biyu. Tsamiyar nan ta tsone min ido, ina so in sare ta in yi rumbu a wurin. Mun kai sara na biyu ke nan sai ga mai unguwa da sandarsa, yana haki. Ya ce, "Kai, wa ya sayar maka da itaciyar nan?" Na ce na sayi gida da abin da ke cikinsa. Ya ce, "Ka sayi ƙasa da gini. Tsamiya ta marigayi maƙwabcinka ce, kakansa ya dasa tun wurin yana daji, kuma 'ya'yanta na marayunsa ne. Kowa a unguwar nan ya sani, kai kaɗai ne baƙo." Na yi ta musu har rana ta take. Dattawa huɗu suka shaida. Na koma da gatarina ina zage-zage a zuci, ina ganin an cuce ni.

Ki riƙe wannan. Takardar banki za ta faɗa miki tsawo da faɗi, lauya zai duba hatimi, duk ki yi, kada ki raina ko ɗaya. Amma takarda ba ta san wa ke da itace ba, ba ta san ta ina ruwan maƙwabci ke bi da damina ba, ba ta san ko akwai 'yar'uwar da ba a ba ta gadonta a cikin gidan ba. Ki sayi goro ki je gaida mai unguwa. Ki zauna da tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layin, ki bar ta ta yi ta zuba, kada ki duba agogo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in mai ɗaki ya tafi, maƙwabci ne ya sani.

Mutanen gidan kuwa ban kyauta musu ba. Ɗanjuma kunya ta kore shi, ya yi kudu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya bar mahaifiyarsa, Iya Kande, da matarsa da yara. Ranar da na shiga, ko sallama ban tsaya an amsa ba, wai ni mai gida. Na tarar da su suna tankaɗe. Na ce na ba su kwana bakwai. Matar ta ce, "Malam, ka bari a yi kaka mana, mu sami abin tafiya da shi." Na ce kaka ba a gidana ba. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, da na ba ta labari sai ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, gidan da aka fita da kuka ba a shigarsa da guɗa. Ni dai ba da ni ba." Kuma ba ta taɓa taka gidan ba har ta koma ga Allah.

Uwata, gidan da kika nuna min na ga igiyar shanya da kaya a kai. Akwai mutane a ciki. Ba ke kika karya mai gidan ba, ba ki da laifi a kan abin da ke tsakaninsa da banki. Amma yadda za su fita, wannan a hannunki yake. Ki je da kanki, kada ki aika. Ki yi sallama ki jira a amsa. In sun ba ki ruwa ki sha. Ki ba su lokacin da ke ma za ki so a ba ki. Wata biyu ba za su talauta ki ba, kwana bakwai kuwa sun bi ni shekara arba'in da ɗoriya.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye. Habu ya ce in sha ruwa tukuna. Na sha.

Ranar da za su tashi, an ɗora kaya a kan jakuna za su tafi Yammedi wurin 'yar Iya Kande, sai tsohuwar ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan ɗakuna, kusa da tsamiya. Akwai ɗan tudu a wurin, an kewaye shi da duwatsu, da fasasshiyar tukunya a gefen kai. Ta ce, "Ɗan nan, wannan maigidana ne, uban Ɗanjuma. Shi ya sari wurin nan yana daji. Ya yi wasiyya a sa shi a gidansa, aka sa shi. Alƙali ya sayar maka da gida, bai sayar maka da shi ba. Ba zan iya ɗaukarsa a jaki ba. Na bar maka shi amana." Ta kama hannuna ta ɗora a kan dutse ɗaya. Ta ce, "Ka ce ka karɓa." Na ce na karɓa. Da bakina na faɗa, rana tsaka, ba wanda ya tilasta ni.

Ban iya zama a gidan ba. Mahaifiyarki ta ƙi, shanu babu, noma ya tsaya. Kafin shekara ta zagayo na sa shi a kasuwa. Duk wanda ya zo ya leƙa baya ya ga duwatsun sai ya ce zai yi shawara, ba ya dawowa. A ƙarshe wani baƙo ya zo, ɗan kasuwa daga nesa, bai san kowa a garin ba. Ana gobe zai zo dubawa, da hantsi, na shiga ni kaɗai na rufe ƙofa. Na kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya na zuba a gindin katanga. Na jefar da tukunyar. Na sa fartanya na baje tudun, na watsa ƙaiƙayi a kai, na ɗaure akuya a wurin. Kafin in fara, ban san abin da ya sa ba, na jingina bayana da tsamiya na taka zuwa wurin ina ƙirgawa. Taku bakwai. Baƙon ya zo, ya zaga, ya ce gida ya yi. Na karɓi kuɗinsa ban ce masa komai ba. Dattawan da suka sani suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, gidan ya yi ta sauya hannu, magana ta nutse.

Habu ya ajiye biro a nan. Shekara hamsin muna tare bai taɓa ji ba. Ya dube ni ya ce, "Garba, kai ne fa ake ɗauka a mota a kai gona don ka nuna iyaka. Kai ne dagaci ke cewa in Garba ya faɗa an gama." Na ce ni ne. Na san iyakar gonar kowa daga nan har Rogo Ruma, na san wace kuka ce ta wane, na raba rigimar 'yan'uwa ba adadi. Duk wannan riƙon da na yi wa maganar mutane, ina jin don na kasa riƙe guda ɗaya ne.

Abin da ya fi ci min rai ba fartanyar ba ce. Iya Kande ta yi shekara shida bayan haka. Duk sanda na bi ta Yammedi sayen hatsi, tana zaune a ƙofar gida tana kaɗi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, mutumina yana nan lafiya?" In ce, "Yana nan lafiya, Iya." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai riƙe maka kai ma." Har ƙuli-ƙuli take ƙulla min a leda in kawo muku. Na ci, kun ci. Ta rasu tana sa min albarka a kan ƙarya.

To ki dubi ikon Allah, Uwata. Gidaje nawa ne a ƙasar Kano? Bankuna nawa, gwanjo nawa? A ce duk cikinsu wanda zai faɗo a tafin hannun 'yata, a kan tabarmata, shi ne wannan. Kuma kika sa yatsa a daidai wurin, kusa da tsamiya, kika ce, "Baba, shaguna a gaba, ɗakunan haya a tsakiya, nan baya kuma a haƙa ramin masai." Yatsanki a kan mutumin nan yake. Na ji kamar an kira sunana daga sama. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ban taɓa zaton a cinyata zai faɗo ba.

Sai kuma na tuna gatarin nan. Da mai unguwa ya makara kaɗan a ranar, da na sare tsamiyar, da yau ba ni da abin da zan auna daga gare shi. Itaciyar da na yini ina zagin waɗanda suka hana ni sarewa, ita ce Allah ya tsayar ta yi gadin abin da ni na ƙi gadi. Shekara arba'in tana tsaye da tabon sarana biyu a jikinta, tana zuba masa inuwa. An yi gini an rushe, an sake yi, ba wanda ya haƙa wurin, don a hoton na ga fili ne har yanzu. Wa ya hana su? Ni dai tun ranar da kika nuna min gidan nake kwana ina tashi da wannan, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa abin faɗa sai Allahu Akbar.

Ba zan ce kada ki saya ba. Da farko na so in ce haka, in huta, ki tafi da sunana mai kyau. Amma in ba ke kika saya ba wani zai saya, shi kuma ba shi da uban da ya sani. Don haka ga roƙona, kuma ban saba roƙo ba. In ya zo cikin iyakar da kika yanke, ki saya. In kin saya, kada magini ya sa diga a bayan gidan nan sai an ware wurin. Ki ja masa 'yar katanga, ki sa alama da siminti wadda fartanyar wani Garba ba za ta iya bajewa ba. Ki sa a rubuta shi a cikin takardar gidan, duk wanda zai saya daga hannunki ya sani kafin ya biya. Zai rage miki ɗaki ɗaya, wataƙila ya rage wa gidan daraja a idon masu saye. Na sani. Abin da na guje wa ke nan, ki ga inda ya kai ni. In kuwa gidan ya fi ƙarfinki wani ya ɗauka, kada ki bi shi da ƙari don ni. Ki nemi wanda ya saya, ki karanta masa wannan takarda, da sunana da komai. Na yafe kunyar.

Akwai jikokin Iya Kande a Yammedi. Wannan tafiyar tawa ce, ba taki ba. Jibi in Allah ya kai mu Habu zai raka ni, in faɗa musu da bakina. Ya ce in sun kore mu da taɓarya shi dai ba ya iya gudu. Na ce ai ni ma ba gudun zan yi ba.

Ina so ki zo ki ɗauke ni in nuna wurin da sandata. Amma rai ba a hannuna yake ba, don haka ki riƙe wannan da kyau. Ki jingina bayanki da tsamiya ta gefen da tabon sara yake, ki fuskanci faɗuwar rana. Taku bakwai. Kansa yana kudu, ƙafafunsa arewa. Sai dai ki lura, taku bakwai ne na mai shekara talatin da ke sauri ya gama abin kunya. Jiya na gwada a tsakar gida, na ja layi a inda na san ƙafata ta dā za ta kai, na taka da ƙafata ta yau, sai ya zama goma sha ɗaya. Ki sa namiji dogo ya taka, sannan ki ƙara masa fili ta kowane gefe, don itaciyar ma ta yi kauri. Gara ki ba shi fiye da nasa. Ya daɗe a matse.

Allah ya tsare min ke a hanyar Kano da hanyar Rogo. Ya tsare ki daga gidan da zai ci ki, ya ba ki wanda za ki ci albarkarsa. Ya sa duk ƙofar da za ki buɗe da mukullin banki, ki shige ta da sallama. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya ji ƙan Iya Kande da mutuminta, ya yafe wa wanda ya karɓi amana da baki ya baje ta da hannu. Tsohuwar ta roƙa min mai riƙe min. Ban cancanta ba, amma ina ganin an amsa mata.

Wassalam. Ga dangwalen babban yatsana a ƙasa, yatsan da ya riƙe fartanyar ne.

Mahaifinki,
Garba